Yadda za ka zaɓi sana'ar nishaɗi da za ta riƙe kanta a Katsina

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar Hawan Sallah, ko ya je Daura lokacin Sallar Gani, ya ga yadda jama'a ke sakin kuɗi domin su faranta wa kansu da 'ya'yansu rai, zai iya ɗauka cewa babu sana'ar da ta kai ta nishaɗi saurin kawo riba. Sai dai waɗannan ranaku 'yan kaɗan ne a shekara, kuma mai shago yana biyan haya a watan da babu hawa kamar yadda yake biya a watan Sallah. Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce: a ranar Talatar da babu biki, babu hutu, albashi kuma bai shigo ba, wa zai zo ya biya ni?

Na ga abin da rashin yin wannan tambaya ya jawo a gidanmu. Wani ƙanena ya sayar da babur ɗinsa gab da ƙaramar Sallah, ya sa maƙerin walda ya haɗa masa lilo mai kujeru takwas, ya kafa shi a wani fili kusa da unguwarmu. Kwana huɗu yara suna layi da kuɗin barka da Sallah a hannu, har sai da ya ɗauko abokinsa ya taya shi karɓa. A kwana na bakwai filin ya koma wurin da awaki ke kwanciya, kuma kafin babbar Sallah damina ta sauka, tsatsa ta kama ƙarfen. Da ya ɗauki lilon a matsayin sana'ar mako biyu a shekara, da bai rabu da babur ɗin da yake ci da shi kullum ba.

Matakin farko ba ya buƙatar ko sisi. Ka ɗauki littafi da biro ka zauna mako guda a unguwar da kake da niyya, daga bayan la'asar zuwa ƙarfe goma na dare, kana rubuta su wa ke wucewa, nawa ne shekarunsu, kuma a ina suke tsayawa su kashe kuɗi. Wuraren da ke kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Al-Qalam, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, ɗalibai ne masu sayensu, kuma ɗalibi yana tafiya gida da hutu, ballantana idan aka shiga yajin aiki. Cikin birni kuwa, wajen Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga, mutanen ba sa ƙaura, amma abin da suke iya fitarwa a zama ɗaya kaɗan ne, don haka yawan kai ne ribarka.

Gidan kallon ƙwallo shi ne abin da yawancin samari ke fara tunani, kuma ba laifi, domin masu kallonsa ba sa buƙatar talla; allo ɗaya da alli a bakin ƙofa, an rubuta Arsenal da Chelsea da ƙarfen da za a take, ya isa. Amma ka yi lissafinsa da idon basira. Kakar gasar Firimiya ta Ingila tana farawa a watan Agusta ta ƙare a watan Mayu, wato Yuni da Yuli benci ne kawai za ka riƙa sharewa, sai a shekarar da ake gasar cin kofin duniya ko ta nahiyar Turai. A cikin kakar ma, gida yana cika ne a ƙarshen mako da daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai, kuma ba kowane wasa ke jan mutane ba. A ce kana da benci goma, kowane yana ɗaukar mutum shida: kada ka yi lissafi da mutum 60, domin wannan sai ranar da Real Madrid ta haɗu da Barcelona. Ka yi da 20, ka cire kuɗin DStv na wata, wanda ake biya ko an yi kallo ko ba a yi ba, ka cire haya da mai da ladan yaron da ke tsaron ƙofa. Idan an sami saura, sana'ar za ta tsaya da ƙafarta.

Wuta ce ke kashe yawancin irin waɗannan wurare. Ba za ka dogara da KEDCO kaɗai ba a sana'ar da ɗaukewar wuta ta minti biyar, ana dab da bugun fenareti, take sa mutane su nemi kuɗinsu su koma gidan maƙwabcinka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abokin tarayya mai cin kaso mafi tsoka, shi ya sa nake ganin wanda jarinsa bai kai ya haɗa sola da batura ba, gara ya rage girman talabijin ya ƙara a wuta. Kada kuma a manta da bazara: rumfar kwano cike da mutane a watan Afrilu ba ta zaunuwa sai da fankoki da tagogi masu faɗi.

Shagon wasan PlayStation da teburin sunuka sun fi gidan kallo ta fuska ɗaya, domin ba su jiran kakar wasa, ana shigarsu kowace rana. Matsalarsu ta tarbiyya ce. Yaro zai gudo daga Islamiyya ya shigo, sunuka kuma tana saurin rikiɗewa ta zama caca idan mai wurin ya kau da kai. Wanda ba zai iya korar yaro mai kayan makaranta ba, ko ya hana a ajiye kuɗi a kan tebur, kada ya shiga, domin daga nan ne ake fara samun ƙarar iyaye, sai Hisbah ta biyo baya. Filin ƙwallo mai ciyawar roba da ake haya da awa yana da kasuwa wajen ma'aikata da 'yan kasuwa masu son motsa jiki da dare, amma jarinsa ya fi ƙarfin mai farawa shi kaɗai.

Akwai wata hanya da samari ke rainawa, alhali a ganina ta fi duk waɗannan kwanciyar hankali, wato hayar kayan biki: rumfuna, kujeru, dardumai, amsa-kuwwa da fitilu. Aure da suna da saukar Alƙur'ani da walima ba sa yankewa a Katsina da Daura, kayan ba sa shan mai idan suna ajiye, kuma mace ma tana iya juya wannan sana'a daga cikin gidanta, musamman kayan kamu da na zaman amarya, tunda mata ne ke yanke shawarar wurin da za a ɗauko su. Asararta ɓacewar kujeru ce da karyewarsu, don haka a ƙirga a gaban mai haya, a rubuta, a karɓi kafin alƙalami. Sai dai a watan azumi bukukuwan aure suna raguwa sosai, sai a yi tanadin wannan watan tun daga Rajab da Sha'aban, lokacin da aure ke yawa.

Kowace ka zaɓa, kada ka kafa ko ƙusa ɗaya sai ka je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake son yi, na zo neman shawara." Ka faɗa musu lokacin buɗewa da na rufewa, domin wasannin zakarun Turai a lokacin hunturu suna kai wa kusan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ihun cin ƙwallo kuma yana shiga ɗakin tsoho da na mai jego. Ka yi alkawarin rage sauti idan an kira salla, ka ajiye butoci da tabarma a gefe, ka kuma cika alkawarin. Bayan haka sai takardu: rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, izinin ƙaramar hukuma, da rubutacciyar yarjejeniyar haya wadda ta ambaci irin sana'ar da za a yi, don kada mai fili ya tashe ka bayan ka zuba siminti.

Idan da hali, ka gwada kafin ka saya. Ka yi wata biyu ko uku kana tsaron wurin wani mai irin sana'ar, ko ka ɗauki hayar tebur ko na'ura ɗaya ka ajiye a shagon da kake da shi, kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane dare. Ka tabbata a cikin watannin gwajin akwai aƙalla wata ɗaya wanda babu Sallah a cikinsa, kuma da lissafin wannan watan za ka yanke yawan jarin da za ka zuba.