Yadda ɗalibin Damagaram zai nemi gurbin karatun kasuwanci a jami'a

Da zarar an bayyana sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare a Nijar, akan ga ɗalibai da iyayensu a Damagaram suna tambayar inda ake karatun kasuwanci, kamar dai abu ɗaya ne da ake shiga ta ƙofa ɗaya. Alhali fannin yana da rassa da dama: lissafin kuɗi, tattalin arziki, tafiyar da kamfani, dabarun sayar da kaya, sufuri da adana kaya, da aikin sakatariyar ofis. Kowane reshe yana da irin ɗalibin da yake nema. Don haka kafin a yi maganar sunan makaranta ko garin da za a je, ya kamata ɗalibi ya ɗauko takardar makinsa ta bak, ya dubi serin da ya yi, wato ɓangaren karatun da ya bi a sakandare, sannan ya dubi abin da ya samu a lissafi da Faransanci, domin waɗannan su ne za su nuna masa inda ƙafarsa za ta iya tsayawa.

Wanda ya yi seri C ko D, na kimiyya, yana da damar shiga kusan kowane reshe, saboda ya saba da lissafi. Wanda ya fito daga makarantar fasaha da seri G2 ya riga ya san rubuta shige da ficen kuɗi, kuma yakan fi sauran sakewa a shekarar farko ta lissafin kuɗi, ko da yake lissafin tattalin arziki yakan ba shi wuya. Seri G1 ya fi karkata ga aikin ofis, G3 kuma ga saye da sayarwa. Mai seri A4, na adabi da harsuna, shi ne ya kamata ya yi dogon tunani. Akwai rassan da za su karɓe shi kuma ya yi fice a cikinsu, kamar aikin mataimakin shugaban ma'aikata, inda iya rubutu da tsara takardu suke da daraja, amma idan ya nufi tsangayar tattalin arziki ba tare da ya gyara lissafinsa ba, zangon farko kaɗai ya isa ya karya masa gwiwa. Kasancewar yaro ya tashi a shagon mahaifinsa a Kasuwar Dole yana ba shi idon ciniki, kuma wannan ba ƙaramin jari ba ne, sai dai a ɗakin jarrabawa ƙididdiga da lissafin ruwan bashi za a tambaye shi.

Bayan wannan sai a zaɓi tsawon hanyar. Jami'o'in gwamnati suna bin tsarin LMD, wato lisans (digirin farko) shekara 3, masta shekara 2, sannan doktora shekara 3. An raba kowace shekara zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30, wato ma'aunin darussan da ɗalibi ya ci, ta yadda ba a ba ɗalibi lisans sai ya tara kiredi 180. Gajeriyar hanya kuwa shekara 2 ce: ko dai difloma ta DUT a cibiyar fasaha ta jami'a, wadda aka fi sani da IUT, ko kuma difloma ta BTS a makarantun koyon sana'a, wadda ake kammalawa da jarrabawar gwamnati. Gajeriyar hanya tana haɗawa da horon aiki a kamfani ko ma'aikata, kuma mai ita yana iya ƙara shekara ɗaya ya samu lisans ta sana'a. A ganina, ɗalibin da gidansu ke jiran ya fara kawo wani abu, kuma ba shi da niyyar koyarwa ko bincike, ya fi masa alheri ya bi ta nan, maimakon ya shiga doguwar hanya don kawai sunanta ya fi daɗin faɗa a gidan biki.

Nan gida akwai Jami'ar André Salifou, wadda aka kafa a 2010 tare da na Maraɗi da Tawa, daga baya aka sa mata sunan masanin tarihin nan ɗan Damagaram da ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. A cibiyarta ta IUT ana koyar da sufuri da tafiyar da kaya, da kuma aikin mataimakin shugaban ma'aikata. Reshen sufuri ya dace da yankin da ke kan hanyar Kano da Agadas, kuma yake da matatar man SORAZ tun 2011. Wanda yake son tattalin arziki da tafiyar da kamfani a doguwar hanya zai dubi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, mai tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa. Zuwa Yamai na nufin tafiyar kusan kilomita 900, da neman ɗaki da abinci a garin da rayuwa ta fi tsada, kuma wajibi ne iyaye su sa wannan a lissafi tun kafin a cika takarda.

Takardun da ake nema ba sa canzawa sosai daga shekara zuwa shekara: takardar haihuwa ko hukuncin kotu da ke maye gurbinta, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar cin bak, takardar maki, hotuna, da rasidin kuɗin rajista. Kwafi ake miƙawa, wanda aka buga wa hatimin hukuma a ofishin magajin gari ko na 'yan sanda, na asali kuwa ya zauna a gida cikin leda. Takardar zama ɗan ƙasa kotu ce ke ba da ita, kuma a lokacin rajista layi yakan yi tsawo, saboda haka mai hankali yakan nemo ta tun yana ajin ƙarshe na sakandare.

Abin da ya fi ɓata wa ɗalibai lokaci shi ne saɓanin suna. A shimfiɗa takardun duka a kan tabarma ɗaya, a bi su harafi bayan harafi. Sau da yawa za a tarar takardar haihuwa ta ce Mahaman, ta bak ta ce Mahamane, ko kuma an rubuta ranar haihuwa a ɗaya, a ɗayar an sa shekara kawai. Harafi ɗaya ne, amma ma'aikacin rajista yana da ikon mayar da dosiye, wato tarin takardun neman, a kansa, kuma idan ma ya wuce a yanzu, zai dawo ranar karɓar digiri ko ranar neman aikin gwamnati, lokacin da gyaran ya fi wuya. Wanda ya yi sakandarensa a Najeriya, kamar yadda ya zama ruwan dare a gidajen Magarya da Matamaye, sai ya kai takardunsa hukumar OBEECS, mai shirya bak da tantance darajar takardun waje, kafin ya nemi gurbi. Kuma ya tuna cewa da Faransanci ake ba da darasi.

Cin bak shi ne sharaɗin farko, amma ba kowane mai bak ne ake ɗauka a inda yake so ba. Guraben IUT ƙalilan ne, shi ya sa ake tace masu nema, kuma a nan ne bambanci ke fitowa tsakanin wanda ya haye da 10 cikin 20 da wanda ya kai 12 ko 14. Kada ɗalibi ya dogara da reshe ɗaya. Ya nemi biyu ko uku, ya jera su bisa ƙarfin makinsa. Ranakun buɗewa da rufewa da adadin kuɗi kuwa, a karanta su a sanarwar jami'ar ta wannan shekarar, domin abin da yayan wani ya biya bara ba hujja ba ne. Neman tallafin karatu a hukumar ANAB dosiye ne daban, haka ma neman ɗaki da tikitin abinci a CROU, hukumar kula da walwalar ɗaliban jami'a, kuma yin rajista a jami'a ba ya wadatar da su.

Yana da kyau mai neman reshen lissafin kuɗi ya san abin da zai tarar a aji. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, don haka tsarin lissafin da ake koyarwa shi ne SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018. A cikinsa kowane asusu yana da lamba. Idan ɗan kasuwa ya karɓi buhunan shinkafa bashi, ɗalibi zai rubuta kuɗin a asusu 601 na sayen kaya, ya kuma rubuta bashin a asusu 401 na mai kawo kaya; ranar da aka biya daga akwatin shago sai asusu 571 ya shigo, idan ta banki ce 521. Akwai kuma lissafin TVA, harajin da ake ɗorawa a kan cinikin kaya da dama, na kashi 19 cikin 100. Wanda ya ji wannan bayani bai gundure shi ba, da alama zai ji daɗin reshen. Wannan ne kuma ya sa mai niyyar yin karatun a Kano zai yi la'akari da cewa tsarin lissafi da dokokin kasuwancin can daban suke, kuma idan ya dawo aiki gida sai ya sake koyon na nan.

Game da makarantu masu zaman kansu, akwai na kirki a cikinsu, kuma wasu suna da darasin yamma da ya dace da mai aiki ko mai shago. Kafin a biya ko dala, sai a nemi ganin izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma a tabbata izinin ya ambaci reshen da ake so, domin makaranta tana iya samun izini a wani reshe ta buɗe wani ba da izini ba. A tambaya ko hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance digirori tsakanin ƙasashen Afirka, ta amince da digirin, abin da ke da amfani ga mai son yin masta ko aiki a wata ƙasa. A tambaya kuma ɗalibai nawa suka shiga jarrabawar BTS ta gwamnati bara, nawa suka ci, kuma a waɗanne wurare suka yi horon aiki.