Yadda ake noman inabi a Kebbi da Zamfara: iri, rumfa da lokacin aski

Asalin inabi itacen ƙasashen sanyi ne. A can yakan zubar da ganye ya yi barci watanni, sannan ya farka ya yi fure. A Gusau ko Birnin Kebbi babu sanyin da zai kwantar da shi, don haka idan aka ƙyale shi sai ya yi ta yaɗo da ganye shekara duka ba tare da ya ba da abin kirki ba. Wannan ne ya sa gidaje da yawa suke da kurangar inabi a tsakar gida amma inuwa kaɗai suke mora. Manomi ne zai tsara wa itacen shekararsa da almakashi da ruwa, ya auna lissafi yadda 'ya'yan za su nuna a ƙarshen hunturu, kafin zafin bazara ya shigo.

Ba sabon abu ba ne. Manoman Nashik da Sangli da Solapur a jihar Maharashtra ta Indiya suna noma shi a zafin da yake haura maki 40, haka ma na Petrolina a arewa maso gabashin Brazil da ruwan kogin São Francisco. A nan gida, manoman ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna sun yi suna a kansa. Tsarin Indiya shi ya fi dacewa da mu, domin daminarsu ma daga Yuni zuwa Satumba take.

Zaɓen iri

A fara da sanin abin da ba za a saya ba. Yankunan zafi kamar kudancin Faransa da Sifaniya da Ostareliya suna noma Shiraz da Grenache da makamantansu don matse giya. Ƙwayarsu ƙanana ce, ɓawo mai kauri, iri cike da ciki. Ko sun yi kyau a gonarka babu mai saye a kasuwar Gusau ko ta Jega. Na ci ake nema.

Thompson Seedless kore ne marar iri a ciki, yana da zaƙi sosai, kuma shi ake busarwa a yi zabibi. Yana jure zafi, amma idanun da ke gindin reshensa, wato ƙullutun da sabon tsiro ke fitowa daga cikinsu, ba sa haihuwa, saboda haka askinsa, wato datse masa rassa, yana buƙatar gwaninta. Flame Seedless ja ne, yana nuna da wuri, sai dai idan dare ya yi zafi launinsa ba ya kamawa, sai ya fito fari-fari. Red Globe yana da manyan ƙwayoyi da iri a ciki, yana jure tafiyar mota, kuma shi mutane suka saba gani a kan teburin masu kayan marmari. Bangalore Blue baƙi ne, yana da ɗan tsami, ya fi dacewa da lemon sha, amma ya fi sauran jure cututtukan damina. Wanda bai taɓa noma inabi ba, gara ya soma da shi ko da Red Globe, kamar gindi 20 zuwa 50, ya koyi hannu kafin ya faɗaɗa.

Kada ka shuka ƙwayar da ka tofar daga inabin kasuwa. Abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba. Reshe ake dasawa, kuma daga gonar da ka gani da idonka tana haihuwa.

Ƙasa da ruwa

Inabi ba ya son jiƙaƙƙen gindi. Ƙasar fadama mai laka irin ta Argungu, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta da damina, ta shinkafa ce. A nemi tudu mai rairayi haɗe da ɗan yumɓu, mai zurfin aƙalla mita ɗaya kafin a taras da marmara. Gwaji mai sauƙi shi ne ka haƙa rami tsawon kamu ɗaya da rabi ka cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ruwan na nan, bar wurin. Masu gona a kewayen madatsar Bakalori da ke kusa da Talata Mafara su lura da filayen da ƙasa ke yin farin ɓawo na kanwa a sama bayan ban ruwa, domin gishiri yana ƙona bakin ganyen inabi. A irin wannan ƙasa sai dai a yi aure, a ɗora irin da ake so a kan gindin Dogridge, wani irin inabi ne wanda yake jure gishiri da fari da tsutsar saiwa.

Tun daga Oktoba har Mayu da ban ruwa itacen zai rayu. Babban gindi yana shan kamar jarka ɗaya mai lita 20 a rana, ya haura haka a Afrilu. Idan rijiyarka tana ƙafewa a Maris, kada ka fara.

Reno da dashe

Ana yankan rassan dashe lokacin askin Oktoba, wanda bayaninsa zai zo a gaba. A zaɓi reshen da ya ƙosa ya zama ruwan ƙasa, mai kaurin fensir, a yanka shi gunduwa-gunduwa mai ido 4. Yankan ƙasa ya zama a miƙe dab da ido, na sama a karkace, don kada a dasa shi kai a ƙasa. A soka ido biyu cikin ledar reno mai ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki, a bar biyu a waje, a ajiye a inuwa. Bayan wata uku ya isa dashe, wato Janairu ko Fabrairu.

Rami santimita 60 a faɗi da zurfi, tazarar mita 3 tsakanin layi, mita 2 tsakanin gindi. Hekta ɗaya tana ɗaukar gindi kusan 1,660. A kowane rami a zuba kilo 20 na kashin shanu da ya ruɓe sarai da rabin kilo na takin sufa. Ɗanyen taki yana janyo gara, gara kuwa ita ce ta fi kashe dashe a watan farko.

Rumfa ta fi dacewa da zafinmu domin ganye yana rufe 'ya'yan daga rana. Tsayinta mita 2, dirkokin ƙarfe ko siminti, a ja waya a sama kamar raga da tazarar santimita 45 zuwa 60. Dirkar itace tana da arha, amma gara za ta ci gindinta, kuma ranar da za ta faɗi ita ce ranar da rumfar ta ɗauki kaya. A kafa wa kowane dashe sanda, a bar reshe ɗaya tak ya hau, ana cire duk wani tsiro na gefe duk mako. Da ya kusa waya a tsinke kansa, a bar hannuwa biyu su bi waya hagu da dama. Shekarar farko ta gina jiki ce, duk furen da ya fito a cire shi.

Aski biyu, girbi ɗaya

Nan ne aikin yake. Askin farko ana yin sa a farkon Afrilu, bayan girbi da hutun mako uku zuwa huɗu. A datse duk rassan da suka haihu, a bar ido ɗaya a gindin kowanne. Itacen zai zama kamar an kashe shi, kada wannan ya tsorata ka. A ba shi taki da ruwa sosai, a riƙa yayyafa wa hannuwan ruwa da rana don kada zafi ya tsaga su. Daga sababbin tsiron a bar 30 zuwa 40 masu ƙarfi a babban gindi, a cire saura.

Dalilin Afrilu shi ne, nonon da za ka girbe baɗi yana ƙulluwa ne a ɓoye cikin ido kwana 45 zuwa 60 bayan wannan askin, kuma hasken rana ne yake ƙulla shi. Idan ka jinkirta har Yuni, wannan lokaci zai faɗa cikin hadarin Agusta, idanun su zama na ganye da igiyar naɗi kawai. Yawan yuriya a wannan tsakani ma yana haifar da haka.

Aski na biyu a tsakiyar Oktoba ne, bayan an tabbatar ruwa ya ɗauke. A Yawuri da Zuru, inda damina ke ɗan jinkiri, a ƙara mako ɗaya ko biyu. A janye ban ruwa kwana goma kafin nan, a tsige ganyen da hannu, sannan a datse. Bangalore Blue ido 3 ko 4 ake bar masa, Red Globe 5 zuwa 7, Thompson Seedless 8 zuwa 12. Wanda ya yi wa Thompson gajeren aski ya zubar da amfanin shekararsa a ƙasa.

Tun da babu sanyi, idon ƙarshe kaɗai yakan tsiro, sauran su yi shiru. Manyan gonaki suna shafa Dormex, maganin da ke farkar da idanu su tsiro, mililita 30 zuwa 40 a lita ɗaya ta ruwa, a ido biyu ko uku na ƙarshe cikin kwana biyu da aski. Guba ce mai ƙona fata, sai da safar hannu da takunkumi. Wanda bai samu ba ya lanƙwasa reshen a hankali har ya ji ya ɗan yi ƙara, hakan yana taimaka wa idanun tsakiya su farka.

Daga nan tsiro yakan fito cikin kwana 7 zuwa 12, fure wajen kwana 40, girbi tsakanin kwana 120 da 150, wato Fabrairu zuwa tsakiyar Maris. A bar nono ɗaya a kowane reshe, da ganye 12 zuwa 15 da za su ciyar da shi. Idan ƙwayoyi suka kai girman wake a sa ƙaramin almakashi a rage na cikin nonon, in ba haka ba za su matse juna su fashe su ruɓe. Da sun fara laushi da canza launi a rage ruwa, amma kada a yanke shi kwatsam sannan a malala, wannan ma yana fasa su.

Cututtuka da maɓarnata

Da damina cuta biyu ke addabar ganye. Ɗaya tana yin tabo rawaya kamar ɗigon mai a sama da farin gashi a ƙasan ganye, ɗayar tana yin baƙaƙen ɗigo masu huda ganye da ƙananan rassa. A fesa Mancozeb gram 2 zuwa 2 da rabi a lita duk kwana goma, ana musanya shi da maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe, a tabbatar ya taɓa ƙasan ganye. Idan ganye ya zube a Agusta, reshe ba zai ƙosa ba.

Da hunturu kuwa farar hoda ce take hawa ganye da 'ya'ya. Mutane da yawa suna ɗaukar ta ƙurar hazo har sai ƙwayoyi sun tsattsage. Ƙura tana wankuwa, ita kuwa tana barin baƙin tabo a ƙarƙashi. Maganinta farar wuta mai narkewa, gram 2 a lita, da sassafe ko da yamma, domin da tsakar rana tana ƙona ganye. Tsuntsaye da jemage da rina suna zuwa da zarar zaƙi ya shiga. Raga a kan rumfa ko jakar takarda a kan kowane nono ita ce ke hana su.

Inabi ba ya ƙara nuna bayan an yanke shi. A ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙarshen nono, ita ce take nuna a ƙarshe. A yanka da sanyin safiya, a riƙe ta kara, a jera a kwali layi ɗaya ko biyu ba a buhu ba. Abin da kasuwa ba ta ɗauke ba na Thompson Seedless, a bar shi ya ƙara zaƙi a jiki, a shanya a kan raga a inuwa mai iska har ya bushe. Kilo 4 na ɗanye yana ba da kilo 1 na zabibi.