Wane proxy ya dace da aikinka?

Jama'a ku daina ɗaukar kowane proxy (wato sabar da ke shiga tsakaninku da intanet, bayananku su bi ta cikinta) kuna liƙawa a komai. In shiga shafuka kawai za ka yi a burauza, na HTTP ya ishe ka. Amma wasan gem ko torrent (hanyar sauke fayiloli daga wajen wasu mutane), duk abin da ke tafiya da UDP dai (wata hanyar aika bayanai a intanet), to proxy nau'in SOCKS5 ne maganinsa, tsohon nau'in SOCKS4 bai iya wannan ba. Masu Telegram kuma akwai nasu nau'in proxy mai suna MTProto a cikin saitin manhajar.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane sun ɗauka SOCKS5 na rufe bayanansu, wallahi ba ya rufewa, adireshin IP ɗinka kawai yake sauyawa, don Allah kar ka buɗe manhajar banki a kan proxy na kyauta wanda ba ka san mai shi ba.