Yadda Ake Tara Littattafai a Gida da Kare Su Daga Gara da Danshi

Wanda yake zaune a ƙaramin gari kamar Soba ko Giwa ko Makarfi ya san cewa babban ɗakin karatu ba kusa yake ba, saboda haka 'yan littattafan da ya tara a ɗakinsa su ne ke ɗebe masa kewa tsakanin la'asar da magariba, kuma su ne yaran gida da na maƙwabta za su fara buɗe ido a kansu.

Sayensu ba shi da wuya. Idan ka shiga Kaduna, ka leƙa masu littattafai a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da masu baza su a bakin manyan masallatai ranar Juma'a. Tsofaffin littattafan Hausa kuwa a Zariya ake nemansu, domin can ne mazaunin kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da aka kafa a 1966. Kafin ka biya kuɗin tsohon littafi, ka duba shafukan farko da na ƙarshe, don su ne ke fara ɓacewa, sannan ka ɗaga shi a haske ko za ka ga ƙananan ramukan da ƙwari suka huda.

Babban aikin yana wajen ajiya. Kada ka cusa littattafai cikin kwali ka tura ƙarƙashin gado, domin gara tana ɓarnarta ne a wurin duhu da danshi, kuma sau da yawa mai littafi ba ya farga sai ya ɗaga bangon ya tarar da ƙasa a maimakon takarda. Ka sa kafinta ya yi maka kanta mai ƙafafu wadda ta tashi daga ƙasa da kamar taki ɗaya, ka kuma janye ta kaɗan daga jikin bango, musamman idan ginin ƙasa ne, yadda za ka riƙa ganin hanyar gara tun tana fara hawa. A wajenmu Alƙur'ani da littattafan addini su ke hawa na sama, wannan ladabi ne da bai kamata a bari ba.

Da damina, musamman cikin Agusta lokacin marka, ka riƙa buɗe taga idan rana ta fito, kuma kada ka ɗaure littafi cikin leda, saboda leda tana riƙe danshi har fumfuna ta kama takardar. Wanda ruwa ya taɓa a tsayar da shi a buɗe cikin inuwa inda iska ke kaɗawa. Shanya shi a rana lanƙwasa shi take yi. Da hunturu labule ɗaya a gaban kantar ya isa tare ƙura. Busasshen ganyen darbejiya da ƙwayoyin kafur suna rage ƙwari, amma a ganina babu abin da ya kai saukar da littattafan a kakkaɓe su lokaci zuwa lokaci. Idan bango ya rabu, a ɗinke shi da zare, domin salatif yana barin tabo mai launin ƙasa bayan 'yan shekaru.

Sai batun aro, wanda a ƙaramin gari ba a iya hana shi, ni ma ba na son a hana. Ka rubuta sunanka a shafin farko, ka ajiye ƙaramin littafi inda za ka rubuta sunan mai aro da ranar da ya karɓa, a gabansa, ko da malaminka ne. Wanda ba a sake samun irinsa a kasuwa kuwa, ka shimfiɗa wa mai nema tabarma a zaure ya karanta shi nan.