Yadda za ka zagaya Marseille cikin kwana biyu ba tare da yunwa ta wahalar da kai ba

Daga tashar Gare de Lyon ta birnin Paris, jirgin ƙasa na TGV zai kai ka Marseille, birnin bakin teku a kudancin Faransa, cikin awa uku da 'yan mintuna. Nemi masauki kusa da Vieux-Port, tsohuwar tashar jiragen ruwa, don daga nan kusan ko'ina da ƙafa za ka je.

Ranar farko ka yi sammako. Masunta kan baje kamunsu a bakin ruwa, wani kifin ma yana motsi a kan tebur, kuma kafin azahar kasuwar ta watse. Daga nan hau bas mai lamba 60 zuwa Notre-Dame de la Garde, cocin da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 150. Ko ba ka shiga ciki ba, daga farfajiyarsa garin da teku da tsibirai duk suna gabanka.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne lokacin abinci. Yawancin gidajen abinci daga 12 zuwa 2 na rana suke dafawa, sai kuma wajen 7 na yamma. Idan ka makara, nufi unguwar Noailles. Can mahauta na halal da shagunan 'yan Aljeriya da Tunisiya suke a jere, ga kuskus mai zafi, ga ƙamshin kayan yaji ya cika titi. Kada ka bar garin ba ka ɗanɗana panisse ba. Garin wani wake ne ake soyawa, ɗan'uwan ƙosai.

Bouillabaisse kuwa, farfesun kifin da garin ya yi suna da shi, na gaske yana da tsada. Romon ake fara kawowa da gasasshen burodi da miyar tafarnuwa, sannan kifin ya biyo. Ka tambaya ko sun zuba giya, domin wasu na zubawa. Ruwan famfo kyauta ne, ka ce "carafe d'eau".

Rana ta biyu ka ratsa lungunan tsohuwar unguwar Le Panier zuwa gidan tarihi na MuCEM, wanda aka buɗe a 2013. Ran Talata a rufe yake. Da yamma akwai jirgin ruwa zuwa tsohon kurkukun Château d'If da ke kan tsibiri, amma idan iska mai ƙarfi da ake kira mistral ta taso ba ya sauke mutane a can, sai ka tambaya a bakin ruwa tun da safe.