Jan Farce Mai Sauya Launi Da Mai Haske A Duhu: Zaɓe, Shafawa Da Gogewa

Idan mai shagon kayan kwalliya a Wunti ko Babbar Kasuwa ya ɗaga miki kwalba ya ce "Hajiya, wannan yana canja kala," kada ki yi saurin buɗe jaka. Tambaye shi abin da ke sa shi canjawa. Iri uku ne ake sayarwa da suna kusan ɗaya: wanda zafi da sanyi ke juya wa launi, wanda hasken rana ke juyawa, da wanda ke shan haske ya riƙa fitar da shi a duhu. Kowanne da abin da ke tayar da shi, kuma yanayin Bauchi bai karɓi dukkansu daidai ba.

Mai bin zafi shi ya fi yaudarar mutane, don haka mu daɗe a kansa. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace ɗauke da rini. In akwai sanyi rinin ya fito, in zafi ya kai wani mataki sai ya ɓace, launin da aka gauraya shi da shi ya bayyana. Shi ya sa za ki ga shunayya ta koma ruwan hoda: shuɗin cikinta ne zafi ya kora. Yawancin na kasuwa suna juyawa ne a wajen digiri 31 na ma'aunin Salshiyas, wato kusa da ɗumin yatsa. To, a watan Maris da Afrilu zafin garin nan yakan kai digiri 38 zuwa 40. Kenan tun daga hantsi har dare farcenki na kan launin zafi, ba zai motsa ba sai kin riƙe gorar zoɓo mai ƙanƙara ko kin shiga ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Mata da yawa sukan ɗauka jabu aka sayar musu, alhali bazara ce ta hana shi rawar gaban hantsi. Lokacinsa hunturu ne, Disamba da Janairu, da kuma damina in ruwa ya sauka. Sannan ya fi kyau a dogon farce, domin gindin da ke manne da tsoka yana da ɗumi, bakin da ya zarce yatsa kuwa iska na sanyaya shi, sai launi biyu su fito a farce ɗaya. Mai gajeren farce launi ɗaya za ta riƙa gani a lokaci guda.

Mai bin rana kuwa kamar don mu aka yi shi. A ɗaki yana fari-fari ko launi mai haske, da kin fita tsakar gida sai ya rine cikin daƙiƙoƙi, in kin dawo inuwa ya koma a hankali. Haskoki marasa ganuwa na rana, waɗanda ake kira UV, su ke motsa shi, don haka ƙwan lantarki na ɗaki ba ya yi masa komai.

Na ukun, mai haske a duhu, garin wani ma'adini ne a cikinsa. Tsohon samfuri na zinc sulfide ne, haskensa ba ya jimawa. Na zamani strontium aluminate ne, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a 1993, ya fi wancan haske da daɗewa nesa ba kusa ba. Kore ya fi kowane launi ƙarfi, sai shuɗi mai ratsin kore. Shunayya da ja kuwa haskensu kaɗan ne, kuma sukan mutu da wuri. Masu tsoron ko irin fentin radiyam ne, wani sinadari mai fitar da tururi mai guba marar ganuwa, da ya cutar da mata masu fentin agogo a Amurka a shekarun 1920 su kwantar da hankali, wannan ba ya fitar da irin wancan tururi, hasken da ya sha kawai yake mayarwa. Kada kuma ki ɗauka ɗaya yake da mai launin neon: shi wancan sai a ƙarƙashin fitilar UV yake ƙyalli, da an kashe ta shi ke nan.

Duk ukun ana iya gwada su a tsaye a shago. Na zafi, ɗora kwalbar a kan ledar ruwa mai sanyi na minti ɗaya, sannan ki damƙe ta a tafin hannu, ki duba ko gefen da ya taɓa fata ya sauya. Na rana, fita da ita bakin ƙofa. Na duhu, haska ta da fitilar waya na rabin minti, ki sa ta cikin jaka ko ƙarƙashin hijabi ki leƙa. Kwalbar da ta ƙi motsi ta mutu tun a kan kanta, musamman in an jera ta inda rana ke duka.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a warware kafin a buɗe kwalba. Jan farce yana hana ruwa taɓa farce, saɓanin lalle da rini kawai yake bari, don haka sai an goge shi kafin alwala ko wanka na wajibi. Shi ya sa mata da yawa ke ajiye shi sai kwanakin da suke fashin salla. In haka ne tsarinki, ɗauki na ruwa wanda ke bushewa da kansa, ki bar na jel, wanda sai an gasa shi a fitila yake bushewa, don cire shi aiki ne. Wata dabarar ita ce a shafa a kan farcen roba, a manna da ɗan sitika mai gam ciki da waje, a ɓalle idan lokacin salla ya yi.

Wajen shafawa, farce ya zama ba maiƙo. Man kaɗe, basilin da man girki su ne ke sa jan farce ɓarewa washegari. Wanke hannu, bari ya bushe sarai, gyara baki da abin goga farce, ki share kowane farce da auduga mai ɗan asiton, wato ruwan goge jan farce. Sai shafin tushe marar launi, siriri, ki ba shi minti biyu. Ga mai haske a duhu da mai bin rana, ki bi da farin jan farce shafi ɗaya. Farin ne ke maido da hasken waje. Baƙi ko ja a ƙasa shanye shi suke yi. Wannan ya fi zama dole ga wadda farcenta ke da sauran jan lalle, ita har shafi biyu na fari za ta yi, in ba haka ba koren zai fito da datti-datti.

Garin mai haske yana da nauyi, kwanciya yake a gindin kwalba kamar gasara. Wadda ta tsoma burushi ba ta gauraya ba, ruwan sama kawai ta shafa, da dare ta ga babu komai. Kifa kwalbar, girgiza ta sosai, sannan ki ajiye ta minti goma kumfar ta kwanta. Sauran biyun mirgina su tsakanin tafuka ya isa. Share gefe ɗaya na burushi a bakin kwalba, ja layi ɗaya a tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu, ki shafi bakin farcen ma. Na zafi da na rana shafi biyu, na duhu uku, tsakaninsu minti uku. Shafi mai kauri samansa ke bushewa cikinsa na ɗanye, ki kwanta ki tashi da zanen zanin gado a farce. Kada ki zauna gaban fanka, tana sa kumfa, a hunturu kuma ƙura take kwasowa ta liƙa miki.

Shafin sama yana da muhimmanci domin na duhu yakan bushe da kaushi kamar yashi. Amma duba jikin kwalbar: in an rubuta yana kare launi daga UV, kada ki ɗora shi kan mai bin rana, zai toshe abin da ke tayar da shi, kuma yana rage wa na duhu shan haske. A bar hannu ya huta aƙalla awa ɗaya kafin wanke-wanke.

Na duhu sai an ciyar da shi haske. Minti biyar zuwa goma a rana ya ƙoshi. Da dare, 'yar tocilar nan mai shuɗin haske da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita ta fi komai, rabin minti ya wadatar. Fitilar waya tana yi amma ba kamar ta ba, ƙwai mai jan haske kuwa ɓata lokaci ne. Ki kuma san iyakarsa: ƙarfin hasken a mintocin farko yake, daga nan ya yi ta raguwa har ya zama sai cikin duhu sosai ake ganinsa. A wajen biki mai fitilu ba wanda zai lura. Lokacin da aka ɗauke wuta ne zai nuna kansa. In so kike a gani, haska shi dab da shiga.

Mai son haɗa nata za ta iya sayen garin, amma wanda aka rubuta na kwalliya ne, ba na fentin bango ba, kuma mai laushi. Kashi ɗaya na gari, kashi huɗu na jan farce marar launi. A kwalba mai mililita 10 wajen rubu'in ƙaramin cokali zuwa rabinsa. Rage ruwan kaɗan don samun wuri, zuba garin ta mazurarin takarda. Kada a daka shi don ya ƙara laushi, dakan na kashe haskensa, kuma ruwa ma na lalata shi. A nisanta shi daga ido da bakin yara.

Masu shagon gyaran farce da ke aiki da jel su kula da abu biyu. Na farko gasawa: daƙiƙa 30 zuwa 60 a fitilar LED, minti biyu a tsohuwar fitilar UV, ko yadda kwalbar ta ce. Garin mai haske yana tare hasken fitila, don haka shafi mai kauri ba ya gasuwa har ciki, haka ma in wutar ta yi rauni ko cajin fitilar ya ja baya. Jel ɗin da bai gasu ba in yana taɓa fata yakan jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a gefen farce, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin sa da wuya ya daina. Share duk wanda ya hau fata kafin a sa hannu a fitila. Na biyu, kada a yi aiki kusa da taga, rana na daskarar da jel a kan burushi.

Gogewa: na ruwa, jiƙa auduga da asiton, danna a kan farce daƙiƙa ashirin kafin ki ja, don garin na kama farce kamar mai ƙyalƙyali. Na jel, kankare ƙyallin sama, ɗora auduga mai asiton, naɗe da takardar alminiyam minti 10 zuwa 15, ki ture a hankali. Ɓanɓarewa da haƙori ko reza na tafiya da fatar farcen. Asiton yana kama wuta nan take, saboda haka a yi nesa da risho, murhu da kaskon turaren wuta, musamman a ɗakin amarya inda hayaƙi ba ya yankewa. Bayan nan sai a shafa mai.

Mai bin zafi da mai bin rana ba sa tsufa da kyau, sau da yawa cikin shekara guda sauyin ya fara rauni, zafi da rana kuma na gaggauta hakan. Sayi ƙaramar kwalba, ajiye ta a durowa mai duhu a ɗakin da ya fi sanyi, ba kan madubi kusa da taga ko cikin mota ba. In ya yi kauri, ɗiga masa ɗigo biyu ko uku na ruwan tsinka jan farce da ake sayarwa don haka. Kada ki zuba masa asiton: zai tsinke kam, amma yana fasa ƙwayoyin rinin, launin ya tsaya wuri ɗaya.