Darasi na 9: Ɗan Dukushin da Ya Ƙi Girma

Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11. Bayan wannan doguwar jira, abin takaici ne a ga ɗan dukushi ya tsumbure: haƙarƙari a waje, gashi a tashe ba sheƙi, ciki kuwa ya yi gaba kamar tulu. Wasu suna ganin cikin nan su ce ƙoshi ne. Ba ƙoshi ba ne. Sau da yawa tsutsa ce.

Amma kafin a kai ga tsutsa, a fara duba uwar.

Lafiyayyen dukushi yakan miƙe tsaye cikin awa 1 da haihuwa, ya kama nono cikin awa 2. Nonon farko, wato dakashi, shi ne garkuwarsa daga cututtuka, kuma hanjinsa ba ya karɓar amfanin dakashin sai a ranar farko. Bayan awa 24 ƙofar ta rufe. Don haka kada a tatse dakashi a zubar don an ga yana da kauri ko launinsa ya yi rawaya. Wanda ya rasa shi shi ne ake ta fama da shi da zawo, tari da kumburin gaɓoɓi. A kuma tsoma cibiyarsa a maganin kashe ƙwayoyin cuta tun ranar.

Goɗiya mai shayarwa tana bukatar abinci fiye da ingarman da ake yi wa kiwon hawan sallah. A gidaje da yawa ingarma ne ke cin harawa mai kyau da dawa, ita kuwa a bar ta da karmami. Wannan kuskure ne babba. A ba ta harawar wake ko ta gyaɗa, dusa, hatsi daidai gwargwado, gishiri, da ruwa mai tsabta ba yankewa, musamman da bazara. In ka ga ɗan yana ta tunkuyar hantsa, ya kama ya saki, ya kama ya saki, nono ne bai isa ba. In kuma hantsar ta cika tam har tana ɗiga amma ba ya sha, shi ne ba shi da lafiya. A kira likitan dabbobi a ranar, kada a jira gobe.

Idan uwa ta mutu ko nononta ya ƙafe, madarar akuya ta fi ta saniya dacewa da cikinsa. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, dare da rana.

Tsutsar da ta fi damun dukusai doguwa ce fara, ana ɗaukar ƙwanta a ƙasar turke, kuma ƙwan yana daɗewa da rai a ƙasa. Ana fara ba dukushi magani yana da wata 2 zuwa 3. Likita ne zai zaɓi maganin da adadinsa bisa nauyin ɗan, domin ba kowane maganin tsutsa ke kashe wannan ba, kuma in tsutsotsin sun yi yawa suka mutu lokaci guda suna iya toshe hanji. A riƙa kwashe kashi kullum, a daina zuba abinci a ƙasa.

Daga wata 3 nonon uwa yana raguwa, sai a ware masa tasa kwarya da harawa mai laushi. Kada a ɗura masa hatsi don ya yi saurin cika ido, ƙafafunsa ne za su lalace. Abincin kaji na kamfani da masara mai hunhuna suna iya kashe doki. Yaye kuwa sai ya kai wata 5 ko 6 yana cin abinci sosai.

Aikin gida: samo igiya, ka zagaya ƙirjin dukushinka daga bayan ƙafafun gaba, ka ƙulla alama. Auna tsawonta zuwa alamar, ka rubuta lambar da kwanan wata a littafinka. Maimaita duk sati 2. In lambar ba ta ƙaru ba, tafi da littafin wurin likitan dabbobi.